Yayana ya cire rugar su Yafendo daga hanya, ya ce ni ce

Admin don Allah a ɓoye sunana.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Raina a ɓace yake nake wannan rubutu, don Allah ku ba ni shawara.

Ni 'yar Rano ce, na yi difloma a kwamfuta. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana motocin ɗaukar madarar shanu, suna bi ruga-ruga tun daga Dawaki har cikin Kibiya suna kai wa wani kamfanin yogot a Kano. Babban yayanmu ne ke riƙe da harkar, ni kuma ina zama a ofis. Bara kamfanin suka ce madara na iso musu a makare, wani lokacin har ta fara tsami, in muna son kwangilar ta ɗore dole mu sa manhajar da ke tsara wa direba hanya, tana kuma nuna inda mota take. Yaya ya ce tunda ni na yi boko ni zan zaɓo.

Wallahi ban yi wasa da aikin nan ba. Na gwada kala-kala, wata sai da sabis take aiki, mu kuwa da an wuce Nariya sabis ya ɗauke, wata ba ta san hanyar burji ba sam. Daga ƙarshe na tsaya a kan wadda za ka ce mata nan dole mota ta biya, ita kuma ta tsara sauran. Dalilina rugar su Yafendo ce da ke bayan Kahu. Yafendo ƙanwar Ummanmu ce, a rugar aka haife su, kuma matan wurin su suka fara ba Baba madara tun yana yawo da babur. Hanyarsu ba kyau, da damina sai an yi zagaye, amma na sa su a farkon fita ta yadda madarar kowa take isa da wuri. Kamfani ma suka daina ƙorafi.

Bayan ƙaramar sallah Yaya ya ƙulla da wani Alhaji mai gonar shanu a bakin titi, ya ce in cire su Yafendo in sa shi. Na nuna masa mota ɗaya za ta iya ɗaukar duka biyun, ya ce ba shawarata ya nema ba, motocinsa sun gaji da ramukan Kahu. Na ƙi, ya fizgi wayar ofis ya goge su da hannunsa.

Ban san abin da ya faɗa musu ba sai da na je wani suna a rugar. Na durƙusa na gai da Yafendo ta amsa ciki-ciki, matan da suka goya ni suka ƙi haɗa ido da ni. Ashe sun koma tallan nono a ka har kasuwa, wanda bai ƙare ba a zubar. Da zan tafi ta riƙo mayafina ta ce, "Yayanki ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, na'urarki ce ta ce ba mu da amfani. Karatun da aka sa ki ke nan?" Har gida ina kuka.

Da na tunkare shi ko kunya bai ji ba, wai ni mace ce gobe zan yi aure in tafi, shi zai ci gaba da zama da dangi, gara laifin ya tsaya a kaina. Na kai ƙara wajen Umma, ta ce in rufa wa ɗan uwana asiri, alhali 'yar uwarta ciki ɗaya ake cuta. Wannan ya fi komai ci min rai.

Yanzu Arɗon rugar ya aiko zai zo gidanmu ranar Juma'a da dattawa. Yaya ya ce in fito da laftof in nuna musu na'ura ce ta yanke hukunci, wai ai ba za su gane ba. Zan iya mayar da su cikin tsarin yau ɗin nan, amma direbobi maganarsa suke ji. In na faɗi gaskiya a gaban dattawa na kunyata shi, na saɓa wa Umma, kuma na san korata zai yi daga ofis. In na bi nasa, zan kalli idon Yafendo in yi mata ƙarya da bakina.

Don Allah me zan ce wa mutanen nan ranar Juma'a?