Abu Mai Ƙafa Uku a Kan Bene

Litinin, 13 ga Oktoba

Shekara goma sha tara ke nan da kusufin rana, ranar da gari ya yi duhu da hantsi. A shekarar na fara ganin abu mai ƙafa uku a layinmu na Fagge. Masu awo suka kafa shi a ƙofar maƙwabcina, kafin damina gidan ya zama shagunan atamfa. Haka aka cinye layin nan gida-gida. Nawa kaɗai ya rage, ginin ƙasa, wanda mahaifina ya yi da ya zo daga Borno.

Yau bayan isha'i na sake ganin abin, a kan rufin benen da ke bayan katangata. Wata yarinya ta sunkuya tana leƙe a cikinsa. Ban yi boko ba, wata uku kawai na yi a yaƙi da jahilci, amma wannan karatun na iya shi.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na bincika. Sunanta Keziah, 'yar Zariya, a Sabon Gari take zaune, tana sayar da magani a ƙasan benen. Wai hoton taurari take ɗauka. Wai. Na Sabon Gari ƙarewa suka yi?

Matata Falmata ta ce, "Malam, ka bar 'yar mutane." Shekara arba'in da shida muna tare, har yau kowa mutumin kirki ne a wurinta.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Tana da littafi. Ta kalli gidana, ta rubuta. Awo ne.

Asabar, 18 ga Oktoba

Abdulnasir, babban ɗana, ya zo da tsire da lemo. Sau biyu a bana yana cewa mu sayar mu koma sabuwar unguwa, ina korarsa. Na ba shi labarin yarinyar. Ya ce, "Gaskiyarka Baba, kada ka sake mata fuska."

Tun yana goye bai taɓa yarda da maganata da wuri haka ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na hau soro duk da gwiwa, na ɗaga murya na ce wa ya aiko ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, har da Baba Hambali. Wa ya gaya mata sunana? Ta ce gidana ne kaɗai ba fitila a saman, shi ya sa sama ke fita ta wajensa. Littafin kuma wai labari take ƙirƙirawa. Na ce karanta in ji. Wani tsoho ne mai rediyo da ya hana a rushe gidansa, wai yana da gemu har ƙirji. Na ce ƙarya ne, nawa bai kai nan ba. Ta yi dariya.

Kwana shida tana neman wasu taurari, ta kira su da Turanci. Da ta kwatanta, ashe kaza da 'ya'yanta ce. Sauka take yi daga benen kafin kazar ta fito. Na ce ta ƙara haƙuri kaɗan, ta kan zankon gidana take ɓullowa a wannan watan, haka mahaifina ya nuna mini.

Me ya kai ni? Yanzu na ba ta dalilin saita abin a kan gidana.

Talata, 21 ga Oktoba

Ta yi sallama da la'asar, ta kawo hoton a waya. Na ƙirga 'ya'yan kazar, sun wuce bakwai nesa. Ta ce na'urar tana tara haske, tana ganin abin da ido ba ya gani.

To ta gani. A ƙasan hoton ga katangata ta bayan lungu, inda ban shiga ba tun da gwiwa ta kama ni. Jan fenti a jiki, gicciye da lamba. Irin wanda aka yi wa maƙwabcina.

Na ce wannan fa? Ta ce, "Ai ranar Juma'a aka yi, kana masallaci. Ɗanka ne ya riƙe musu igiyar awo. Na ɗauka ka sani, Baba."

Na miƙa mata wayarta. Falmata ta ba ta fura, ta sha a tsaye ta tafi.

Laraba, 22 ga Oktoba

Abdulnasir ya kira sau uku. Ban ɗauka ba. Takardar gida tana ƙarƙashin kaina, ban gaya wa uwarsa komai ba tukuna.

Na jiƙa farar ƙasa a bokiti. Gobe in na dawo daga asuba zan shafe jan nan, in ya so ya zo ya tarar. Na aika wa yarinyar ta zo da sassafe, gamzaki ya fi fita daga saman sorona. Na ce ta taho da littafin, akwai gyara: gemun, da kuma sunayen taurari da ba wanda ya tambaye ni a gidan nan.

Ba yarda na yi da ita ba. Tsani dai yana son mai riƙewa.