Rilwanu da Dangin Fir'auna

Yasore, farkon damina

Zuwa ga aminina Alhaji Labaran, Safana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya da iyali, ya ƙafar taka, ya kuma shuka? Mu nan sai godiya. Malam Tayyib limaminmu ne ya riƙe mani alƙalami, amma magana tawa ce, kada ka ɗora masa.

Babban ɗana Rilwanu ya dawo daga Masar. Shekara shida, Labaran. Na ɗauka Ƙur'ani da fiƙihu zai ɗebo mana, ashe tarihin Fir'aunoni ya je karantawa. Kwana uku yana zaunar da ni a zaure yana lissafa mani su. Wai gidajen sarauta talatin suka yi, wannan ya faɗi wancan ya hau. Wai wani Narma ne ya fara haɗa kudu da arewa. Ya nuna mani hoton duwatsun da suka tara, kowane ya fi dutsen Ruma tsini, duk don a kwantar da gawa guda. Na tambaye shi yanzu ina gawar, ya ce ɓarayi sun riga kowa shiga, waɗanda suka rage kuma suna cikin gilashi ana zuwa kallo. Ka ji sarauta! Mutum ya kashe ƙarfin talakawa shekara ashirin don kada a taɓa shi, ga shi yau a shanye kamar kilishi, yara na ɗaukarsa hoto.

Abu ɗaya ya faranta mani. Ya roƙe ni sunayen kakanninmu. Ka san al'adar gidanmu, babban ɗa ake ba su, shi ke jero su ranar suna da ranar ɗaurin aure, kamar yadda na karɓa daga mahaifina. Tara ne, kowane da gonarsa da abin da ya kashe shi. Na jero masa, ya ɗauka a waya. Na ce alhamdulillahi, kaya sun samu mai ɗauka.

Ka gaida Hajiya da yara. Naka, Mamman.

Yasore, tsakiyar damina

Zuwa ga Alhaji Labaran.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya ruwa wajenku? Allah ya sa gero ya yi kai.

Na yi saurin godiya, aminina. Littafi yaron nan ya rubuta. Jiya ya karanta mani, sai da na ce ya maimaita don na zaci kunnena ne. Wai akwai lokacin da baƙaƙen sarakuna daga ƙasar Kush suka ci Masar, su ne gida na ashirin da biyar, babbansu Taharƙa. Wannan ban musa ba, ban je ba. Amma wai da aka kore su sai jikokinsu suka yo yamma, suka yo yamma, har ɗaya ya sauka garin Tsaskiya nan kusa da mu ya haifi gidanmu! Shaidarsa kuwa tsagar kumatuna. Ya kara hoton wani gunki da fuskata, wai dubi layin nan. Ni dai zaizayar dutse na gani.

Kai ka san tsagar nan, don kakanka ya san kakana. Na farkonmu, Ɗantsoho, bawa ne. A kasuwa aka saye shi yana yaro, ubangidansa ya sa wanzami ya yi masa tsagar gidansu don kada ya ɓace. Da haƙar rijiya ya fanshi kansa, rijiya bakwai, biyu har yau ana sha. To Rilwanu ya cire shi daga jerin. Ya soma daga na biyu, a saman ya sa wani Yarima Tahar wanda uwa ba ta haifa ba.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin wata sarauniyarsu, Hatshafsut, wadda bayan mutuwarta aka bi bango bango ana kankare sunanta. Yana faɗi yana girgiza kai, wai zalunci. Na ce masa to karatu ya yi kyau, ka koyo sana'ar. Na ce in dai lallai muna da dangi a Masar, a neme su cikin masu jan dutsen.

Zai ƙaddamar da littafin a garinku Safana bayan girbi, ya gayyato manya. Yana so in hau in jero sunayen yadda ya gyara, don a ce ga dattijo ya shaida. Ya durƙusa, Labaran, ya ce Baba mutuncina na hannunka. Ɗana ne, kuma shi kaɗai ya taɓa tambayata sunayen nan.

Ka sa ni a addu'a. Naka, Mamman.

Yasore, bayan girbi

Zuwa ga Alhaji Labaran.

Assalamu alaikum. Ya jikin? An ce ƙafar ce ta hana ka zuwa taron, Allah ya sawwaƙe. Gara ka ji daga gare ni, don na san 'yan kasuwa sun riga sun ƙara gishiri.

Na je. An kafa rumfa, an jera kujeru, an buga hoton gunkin nan kusa da nawa a ƙyalle. Wani mai babbar riga ya yi awa guda yana cewa ashe Safana jinin sarauta ce, ana tafi. Mutanen da ba su san sunan kakan ubansu ba, kowa ya zama ɗan'uwan Taharƙa. Wallahi a kan babur, a hanyar zuwa, na yi niyyar in yi wa yaron abin da yake so. Amma da aka miƙo mani abin magana, bakina ya soma daga inda ya saba somawa shekara hamsin. Na ce Ɗantsoho, bawan Magaji Ya'u, mahaƙin rijiya, ƙasa ta rufta masa a ta takwas. Na jero sauran, na zauna.

Sai aka soma dariya daga kujerun baya. Waɗanda suka gama tafi su suka fi kowa ƙyaƙyatawa, su ma ban ga abin girmamawa a wurinsu ba. Rilwanu bai dube ni ba. Ya wuce Katsina ko sallama babu, yau kwana goma sha tara. Ba zan ɓoye maka ba, tuwo ba ya shiga sosai.

Amma shekarata saba'in da takwas, ba zan zauna jiran mai fushi ba. Na kira ɗiyata Rahma, wadda ke aure nan bayan masallaci. Ba a taɓa ba mace sunayen nan ba, 'yan'uwana sun yi ta surutu, na ce wanda ya iya su a cikinku ya tashi ya jero. Ba wanda ya wuce huɗu. Kwana uku tana surfe ina faɗa tana amsawa, ta riƙe su tsaf. Ranar Juma'a aka yi sunan jikan ƙanena, ita ta jero su daga cikin gida, ta soma da bawan, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

In Rilwanu ya biyo ta wajenka, na san zai biyo, ka ce masa ƙofata a buɗe take, tuwonsa na nan. Sunaye kuwa sun bar hannuna. Ranar da ya haihu yana son a jero wa ɗansa kakanni, sai ya je ya yi sallama a gidan ƙanwarsa ya roƙa.

Allah ya ba ka lafiya, ya bar zumunci. Naka har kullum, Mamman Yasore.