Filin da na zana a Catford

Catford, 12 Oktoba 1987

Zuwa ga Yaya Fulera,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Mma da duk mutanen zangon Sekondi.

Kin ce na shashantar da neman Baba. Haba Yaya! Mutumin da ya bi jirgin ruwa tun ina goye, shaidarmu wasiƙa ɗaya daga Deptford. Na taka unguwar har takalmina ya cinye, babu wanda ya san Osmanu. Ki lallaɓa Mma, ta rage tsayuwa a bakin ƙofa.

Zaman ɗaki ya gagare ni, sai na koma wa zanena na fenti. Na samu wani fili ta ɓarakar shinge, ciyawa lumbu-lumbu, ga wata bishiya a tsakiya, ganyayenta sun yi ja kamar manja, suna ta zuba. Can nake cin burodina, can nake la'asar. Sau uku ina goge zanen ina sake farawa.

Ƙaninki,
Saani

Catford, 30 Oktoba 1987

Yaya Fulera,

Bayan gaisuwa, kada ki karanta wannan a gaban Mma.

Wani tsoho mai share ganye ya gan ni ina salla, ya jira na sallame, ya tambaye ni ko wani nawa na zo ziyarta. Ashe bayan maƙabarta ne! Mu da muka saba ganin tudun ƙasa, ina zan gane? Ya ce nan council, wato hukumar gari, take binne waɗanda ba su da kowa, ba dutse ba alama, da yawansu ma'aikatan jirgi.

Kwana biyu ina kai da komo kafin na iya shiga ofishinsu. Suka buɗe littafi. Osman Gariba, Fabrairu 1961, ciwon huhu. Tsohon ya auna da ƙafa ya nuna mini wurin, gindin bishiyar da ke tsakiyar zanena. Yaya, na yi kuka kamar ba namiji ba.

Na tambayi limaminmu yadda Mma za ta shiga takaba. Ya ce babu sauran takaba a kanta, ta ƙare tun shekara ashirin da shida da suka wuce, Mma tana tsaye tana jiran Baba.

Ni na kasa rubuta mata. Ki zaunar da ita tukuna.

Ƙaninki,
Saani