Ɗana Ba Zai Iya Hawa Dutsen Kakanninsa Ba

Malama, ki taimake ni. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi jikoki na koyi riƙe alƙalami.

Surukata, matar ɗana, lafiya, jikata Ye-rin lafiya. Maigida hawan jini ya taɓa kayar da shi, yanzu yana dogara sanda. Babban ɗana Sang-pil ne ba lafiya. Ciwon daji ya kama hanjinsa, aka yanke, sai ga shi a hanta. A asibitin Daegu sun dasa masa siririn bututu ƙarƙashin fata, ta nan suke zuba magani ya tafi hantar kai tsaye. In an zuba, ko romo ba ya zama a cikinsa.

Ya sa na rantse ba zan gaya wa ubansa ba, wai labarin zai ƙarasa tsoho. Ga bikinmu na girbi, Chuseok, ya matso. A al'adarmu, kafin bikin babban ɗa ne ke goya injin yankan ciyawa ya hau dutse ya share kaburburan kakanni, ya zuba musu giya, ya sha ragowar. Maigida har ya wasa injin. Da na ce yaron ya rame, cewa ya yi raggon birni ne, dutse zai gyara shi. Shi kuma Sang-pil ya ce zai hau, ya fi masa sauƙi da kallon idon ubansa.

In na faɗa, ina tsoron mijina ya faɗi. In na yi shiru, ɗana. Ki amsa mini kafin Lahadin sharar kabari.

Wata uwa daga Uiseong

Mama, rubutunki ya fito sarai.

Tsoron ɗanki ba na banza ba ne, amma ciwon da ake jinyarsa wata da watanni ba ya ɓoyuwa. Gara maigida ya ji a zaune cikin ɗakinsa da ya gani a kan dutse.

Ki sa surukarki ta tambayi likitan Sang-pil zancen ɗaukar kaya da shan giya, ta kuma tambayi likitan maigida yadda za a gaya masa. Ciyawa kuwa ɗan'uwa ko ɗan haya zai yanke.

Rantsuwarki ta hana ki gaya wa uban, ba ta hana ki tsare ɗan ba. Ki kira shi yau, ki ce ba zai hau ba, kuma da bakinsa zai faɗa, kina zaune a gefensa. Mutumin da ke kula da kabarin ubansa haka ba zai so a ɓoye masa ciwon ɗansa ba.

Allah ya ba Sang-pil lafiya, ke kuma ya ba ki barci.