Wandon Gudun Da Ya Fi Mai Shi Lafiya

Anti Jummy, don Allah ki taimake ni da shawara. Maganar nan ba ta faɗuwa a majalisa, sai a yi shekara ana tsokanata da ita.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekarata hamsin da uku, ina zaune a Federal Low-Cost a nan Gombe. Wata bakwai da suka wuce likita ya ce jinina ya hau, in ban fara motsa jiki ba magani kaɗai ba zai riƙe ni ba. 'Yata Najeeba ce ta raka ni asibitin, na ga yadda idonta ya cika da ƙwalla. Da ta karɓi albashinta na farko a Abuja sai ta aiko mini gajeren wando na gudu, irin mai tsadar nan. Da na ji kuɗinsa sai da na nemi kujera.

Amma gaskiya wando ya yi wando. Ba nauyi, ba ya riƙe gumi, robar ƙugunsa ba ta cin mutum duk da tumbin da Allah ya hore mini, ga ɗan aljihu mai zif na ajiye makulli.

Ranar farko na fita bayan asuba. Ban kai ƙarshen layinmu ba na yi kiciɓis da Malam Bobbo, dattijon da muke sahun gaba tare shekara ashirin, shi da mutum uku. Wandon kuwa ya tsaya can sama da gwiwa. Malam Bobbo ya gaishe ni cikin mutunci, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, amma duk idonsa na kan wayar lantarki. Bai ce komai ba. Da ma ya ce wani abu! Na juya gida a guje, kuma wannan shi ne kaɗai gudun da wandon ya taɓa gani.

Sai na kai wa telana Safiyanu a Tudun Wada ya ƙara masa tsawo. Bawan Allah ya jona masa shadda ruwan toka, kuma don girmamawa, ba tare da ya tambaye ni ba, ya zuba masa aiki a bakin ƙafa irin na wandon Sallah. Wai mutum mai matsayina bai kamata ya fita haka fayau ba. Yanzu sama ɗan tsere ne, ƙasa ango.

Tun daga nan a gida nake sa shi, ƙarƙashin jallabiya. Da shi nake kallon labarai, da shi nake cin tuwo. An wanke shi ya fi sau hamsin, bai koɗe ba, ko zare bai fita ba. Duk Juma'a Najeeba takan bugo ta tambayi gudu, in ce mata wando na shan gumi. Ba ƙarya na yi ba, kin san zafin Gombe.

Makon jiya aka sake auna ni, jinin ya ƙara hawa. Tsoro ya kama ni, ban gaya wa kowa ba. Ga shi ƙarshen wata za ta zo, wai mu fita gudu tare. In faɗa mata gaskiya ne, ko in sayi wani mai tsawo in yi kamar ba a yi ba?

Mai Gwiwa A Waje, Gombe

Malam Mai Gwiwa, na yi dariya, sannan na daina da na kai kan awon makon jiya.

Kunyar da ka ji ba laifi ba ce. Rufe gwiwa abu ne da addininka da mutanenka suka ɗauka da muhimmanci, kuma Malam Bobbo ya yi maka kara da ya kalli wayar lantarki. Safiyanu ma ya yi abin da ya iya ne. Sai dai babu ɗayansu da ya hana ka tafiya. Wata bakwai kana ɓoye a bayan wando.

Kada ka sayi komai. Ka sa a cire shaddar, ka sa wandon a ciki, ka ɗora dogon wando mara nauyi a kai. Gobe bayan asuba ka fara da tafiya mai ɗan sauri, minti ashirin, ba gudu ba, sai likitanka ya ba ka izini. Ka koma masa a makon nan, ka faɗa masa ba ka motsa ko ina ba. Ka gayyaci Malam Bobbo ma, ba mamaki shi ma an auna shi yana ɓoyewa.

Najeeba kuma ka kira ta yau, kada ka jira Juma'a. Za ta yi fushi, za ta huce, labarin aikin Safiyanu ma zai taimaka wajen hucewar.

Na yarda wandon yana da ƙarko, zai kai shekara goma. Amma da yarinyar nan ta zare albashinta na farko, ba wandon take so ya daɗe ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka fi wandon nan daɗewa, ka ga jikokinka.

Anti Jummy