Jibi Za a Saka Mini Shi

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya jiki, ya su Baba? Muna lafiya, sai allurai da suka mai da cinyata rariya, amma ba zafi sosai.

Na san kin ce haɗa ƙwan haihuwa a asibiti rashin dogara ga Allah ne. A littattafan da nake karantawa, amarya jiri kawai take yi, sai ciki. Ni kuwa jiya likita ta nuna mini namu a madubinta. Ɗan ɗigo ne, amma har na hango masa kumatun maigidana. Ta ce, "Mu haɗawa muke yi, 'yar'uwa. Rai na Ubangiji ne."

Jibi za a saka mini shi. Ki ajiye fushin sai daga baya, Mama. Yanzu ki durƙusa mana.

Autarki