Ɓerayen da Nake Tsaga wa Kunne

Garki, Abuja

Zuwa ga Gwaggo Ummukulthum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ƙafar nan kuma ta yi sauƙi. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Maigidana Badaruddeen yana gaishe ki, kasuwa sai godiya. Jikarki Najwa ta cika wata takwas, ta fara rarrafe.

Gwaggo, kin sha yi mini tsiya wai na yi boko na ƙare a kiwon ɓera. To yau zancensu na kawo miki. Na ɗakin binciken da nake aiki ba irin na rumbu ba ne. An sauya musu halitta tun kafin a haife su, suna ɗauke da jinin sikila irin na mutane, don a gwada magani a kansu. Ba sa girma kamar 'yan'uwansu. Kunnuwansu da tafin ƙafarsu fari fat, ba jini. In sanyi ya yi yawa sai su dunƙule a kusurwa, ba kuka ba motsi, ido kawai suke bin mutum da shi. Wanda ya mutu, in shugabarmu Dokta Prudence ta buɗe shi, sai a ga saifa ta kumbura ta cike ciki.

Aikina har da yi wa kowane jaririn ɓera 'yar tsaga a kunne don a gane shi. Ranar Talata ina riƙe da wani, sai na ji hannuna ya kai kan nawa kunnen, inda marigayiya Inna ta sa aka tsaga ni, wai 'yar wabi ce ni, kada in bi yayyena biyu da suka koma. Na dawo gida na tarar yatsun Najwa sun kumbura, tafin hannunta fari. Surukata ta ce a kira wanzami, na ce a'a. Dokta Prudence ta ce a auna jininmu mu uku, ni da Badaruddeen da Najwa, jiya aka ɗiba.

Tsoro nake ji, Gwaggo. Ke kika yi jinyar yayyen nan nawa, Inna kuwa ta tafi da maganarta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki gaya mini yadda hannuwansu suka yi, da cikinsu. Ranar Litinin sakamako zai fito, na fi so in ji daga bakinki kafin takarda ta faɗa mini.

Ki gaida Kawu Labaran da Halimat da yaranta. A sa Najwa a addu'a.

Ni ce 'yarki,
Lantana